Kulsum Ta Ofis da Adireshin Ƙungiya

A Kura, in ka ce kana neman Ummukulsum, za a tambaye ka wacce daga ciki. In ka ce Kulsum ta ofis, ko mai rake na bakin titi zai ɗaga wuƙarsa ya nuna maka hanya. Ni sunana Sagiru, noman tumatir nake yi, kuma taubashinta ne ni, uwata ƙanwar ubanta ce. Don haka duk abin da zan faɗa a kanta wanda ba zai yi mata daɗi ba gadona ne, ita ma ta san inda take ramawa.

Gajeriya ce mai ƙaramar murya. Ba ta da faɗa, ba ta da gaggawa, kuma tun muna yara ban taɓa ganin wanda ya sa ta abin da ba ta yi niyya ba. Za ta ce maka "to" cikin ladabi, ta sunkuyar da kai, ka je ka dawo ka same ta inda ka bar ta. Wajen Kawu ta gado, mahaifinta, manomin albasa, wanda dillalai suka haƙura da yi masa wayo tun kafin a haife mu.

Kawu ya rasu a shekarar da ta gama sakandare. Amininsa, Alhaji Datti mai injin casar shinkafa, shi ya tsaya mata. Shi ya kai ta wani shagon buga takardu ta koyi tafireta, shi ya zama waliyyinta ranar da ta auri Malam Ibrahimu malamin firamare, kuma Baba take ce masa har yau. Alhaji Datti mutum ne dogo mai saurin tafiya, wanda kafin ka kai ƙarshen maganarka ya ƙarasa maka ita, ya kuma ba ka amsa. Ba mugu ba ne, ina so a riƙe wannan. Mutum ne da ya saba yana da gaskiya, har ya daina jira a tabbatar masa.

Mu masu noman rani a sashenmu kanal ɗaya muke sha, amma ba sha ɗaya muke yi masa ba. Akwai na kan ruwa, waɗanda gonakinsu ke kusa da ƙofar da ake buɗe ruwan. Akwai mu na ƙarshen ruwa, can ta wajen hanyar Bunkure, da sai na gaba sun ƙoshi ragowar take isowa gare mu. Su suke riga mu dashe, su riga mu tsinka, su riga mu kai kwanduna kasuwar Kwanar Gafan. An sha ɗaga wa juna fartanya a bakin kanal ɗin nan kafin a kafa ƙungiya. Da aka kafa, aka ba Alhaji Datti shugabanci daga kan ruwa, aka ba Malam Sammani mataimaki daga ƙarshen ruwa. Malam Sammani dattijo ne siriri, sai a yi taro a tashi bai ce komai ba ban da sallama da amin. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a bayan injin Alhaji, da darbejiya a ƙofarsa, kuma nan Alhaji ya ɗauko Kulsum ya zaunar da ita da tafiretarta.

A shekarar 2006 wani shirin tallafa wa manoma ya kawo mana kwamfuta, da ƙaramin janareta, da wayar tebur mai eriya. Suka buɗe wa ƙungiya adireshin imel guda ɗaya da sunanta, suka ce daga yanzu ta nan za su riƙa magana da mu, ba sai an aiko mutum a babur ba. Wata malama daga Kano ta yi 'yan kwanaki tana koya wa Kulsum, ta tafi. Mu kuma muka yi ta leƙe ta taga muna ba da shawara.

Imel na wancan lokacin ba irin na yanzu ba ne da kowa ke latsawa a waya yana tafe. A cikin kwamfutar akwai wani abu da ake ce wa Autluk, a nan take rubuta saƙo layi yana kashe, domin layin cin kati yake yi ba wasa. Duk abin da ta rubuta sai ya shiga wani akwati ya zauna yana jira. Sau ɗaya a rana, dab da tashi, take jona wayar, na tafiya su tafi, na shigowa su shigo. Wannan akwatin jira shi ta raɗa wa suna zaure, kuma sunan ya bi shi, har dattawa sukan tambaye ta ko nasu yana zaure ko ya fita.

Da farko duk mai muƙami zuwa yake yi ya tsaya a kanta ya ce ta rubuta kaza, ta rubuta. A mako guda sakatare ya sa ta aika cewa muna son irin alkamar da shirin ke rabawa, ma'aji kuma ya zo bayansa ya sa ta aika cewa ba ma so, lokacinsa ya wuce. Duka biyun da sunan ƙungiya suka tafi. Jami'in shirin ya tako har Kura da takardu biyu a hannu, ya tambaye mu a gaban yaranmu, wai wanne ne mu a ciki. Ranar mun ji kunya, ba kaɗan ba.

Bayan ya tafi Kulsum ta durƙusa gaban Alhaji Datti ta kawo shawara. Ta ce tunda saƙo dama yana zama a zaure kafin ya fita, me zai hana duk wanda zai tafi da sunan ƙungiya a karanta shi a ƙarƙashin darbejiya bayan La'asar, a gaban mutumin kan ruwa da mutumin ƙarshen ruwa, sannan a sake shi? Alhaji ya ce shi ma abin da yake tunani ke nan, wataƙila kuma gaskiya ne. Ya tara jama'a ya kafa dokar da bakinsa. Ita kuma ta shirya kwamfutar yadda duk saƙon da ya fita daga adireshin ƙungiya zai ɗauko wani layi da kansa ya sa a ƙasa: "Da yawun manoman sashenmu baki ɗaya, na kan ruwa da na ƙarshen ruwa."

Ta kuma buɗe wa Alhaji adireshinsa na kansa a cikin kwamfutar, saboda harkar injinsa, da wani na gama-gari don masu buƙatar kansu. A saman kowane saƙo akwai ɗan gurbi inda ake zaɓar sunan mai aikawa, in ta taɓa sai sunayen uku su sauko. Ba ta taɓa fara rubutu ba ta tambayi mutum da wane suna za a aika ba, ko da ta san amsar.

A nan ta sha fama da mu. Kowa sunan ƙungiya yake so, wai ya fi kwarjini. Wani tsoho ya zo zai gai da ɗansa da ke karatu a Sudan, ya dage sai da na ƙungiya, don yaron ya san ubansa ba ƙaramin mutum ba ne. Ni kaina na taɓa zuwa zan rubuta wa wani dillali a Legas, na ce ta sa mini na ƙungiya mutumin ya ɗan tsorata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sagiru, kai da ko a gidanku ba a aikenka da maganar manya." Da na gama-gari nawa ya tafi, dillalin kuma bai tsorata ba ko kaɗan.

Haka aka yi ta tafiya har farkon 2008. Abin da ya faru a ofis wata ranar Laraba ba na wurin, amma na ji shi daga bakinta daga baya, na kuma ji daga bakin Alhaji a bainar jama'a, kuma labarin nasu bai saɓa ba.

Kanal ɗinmu ya daɗe da lalacewa. Ciyawar kacalla ta cinye shi, gefensa ya tsattsage, rabin ruwan a hanya yake salwanta. Alhaji Datti ya yi shekaru yana sintiri a ofisoshi a kan a gyara. Ranar Talata dab da tashi sai ga saƙon injiniyan shirin ya shigo: an samu motar haƙa, za a iya fara aikinmu nan da 'yan kwanaki, amma sai an rufe ruwa na kusan wata ɗaya da rabi. Suna son amincewar ƙungiya kafin Litinin, in ba haka ba motar ta wuce wani sashen, kuma ba wanda ya san ranar dawowarta.

Na kan ruwa sun riga sun kwashe mafi yawan tumatirinsu. Namu na ƙarshen ruwa a lokacin ya fara nuna. Rufe ruwa a wannan gaɓar yana nufin mu tsinka sau ɗaya ko biyu, sauran ya bushe muna kallo. Malam Sammani kuma ya tafi ta'aziyya Madobi.

Da safiyar Laraba Kulsum ta karanta wa Alhaji saƙon ta fassara masa. Ya yi hamdala ya ce, "Rubuta musu, ki ce mun amince."

Ta ce, "Baba, da wane suna, naka ko na ƙungiya?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Da ni suke magana ko da ƙungiya?"

"Da ƙungiya, Baba."

"To."

Ta zaɓi sunan ƙungiya, ta rubuta, ta karanta masa, ya ce ya yi. Ta tura shi zaure ta ce, "Ya shiga zaure, Baba. Sai a nemo na ƙarshen ruwa su ji."

Alhaji ya ce, "Jona layin ki aika yanzu."

Ba ta taɓa wayar ba. Shi kuma ya ja benci ya zauna, abin da bai cika yi ba, ya yi mata bayani kamar yadda uba ke yi wa 'yarsa. Ya ce in ya tara mutanen nan ba za su yarda ba, kowa tumatirin gabansa kawai zai gani. Ya ce gyaran nan su zai fi amfana, su da ke kwana a bakin kanal suna jiran ragowa. Ya ce gara su zage shi bana su gode masa baɗi, ya ɗauki zagin.

Kulsum ta ce, "Gaskiyarka ce a kan kanal, Baba. In da sunanka ne, yanzun nan zan aika, har in ƙara musu da cewa ba wanda ya kai ka sanin ruwan nan. Amma wannan sunan ba naka ba ne kai kaɗai, ba kuma nawa ba ne."

"Ni na kafa dokar, ni zan ɗage ta."

"A gaban jama'a ka kafa ta, Baba."

Daga baya ta ce mini da ta faɗi haka sai ta ji kamar ba daga bakinta maganar ta fito ba. A nan tsohuwar dabararta ba ta da amfani. Da wani abu ne daban, sai ta ce "to", ta ce layi ya ƙi kamawa, ta ja lokaci har Malam Sammani ya dawo, kuma ba wanda zai gane, domin layin dama yakan ƙi. Ta ce ta yi tunanin haka, amma ta kasa yi wa Baba ƙarya.

Alhaji ya dube ta ya ce, "Kulsum, ni kike ce wa a'a?"

Ta sauko daga kujera ta durƙusa ta ce, "Eh, Baba. Ka yi haƙuri."

"Kawo mukulli."

Ta ciro shi daga bakin mayafinta ta miƙa masa da hannu biyu. Ta gaya masa cewa saƙon yana nan a zaure yadda ya so shi, ba ta taɓa komai ba, duk wanda ya iya kwamfuta zai iya jona layi ya sake shi. Ta ce kuma maganar ba za ta fita ta bakinta ba. Ta lulluɓe kwamfutar da zanen da take rufe ta da shi, ta ɗauki jakarta ta tafi gida tun kafin Azahar.

A yammacin ranar na biya ta gidanta da 'yan tumatirin fari a leda, ina taƙama. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ce yau kuma lafiya manyan ma'aikata suke gida da rana tsaka, ko an gano ba kya aikin komai an kore ki? Ta yi ɗan murmushi ta ce kusan haka ne. Ta karɓi ledar ta juya tumatirin a hannunta, ta ce sun yi kyau, ta tambaye ni saura tsinka nawa nake sa rai. Na buɗe baki na yi ta cika mata baki, tana saurare tana gyaɗa kai, ba ta ce mini uffan ba.

Da na gane daga baya abin da ta sani a lokacin, raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma gaya mata. Jinina ce, gonata ce za a busar, tana kallona ina lissafin banza. Amsar da ta ba ni gajeriya ce. Ta ce abin da ta gani a ofis amanar ofis ce, kuma da ta bakinta maganar ta isa ƙarshen ruwa, da fartanya za mu zo Kura, ba da kunne ba. Na so in musa, amma na san mutanenmu, na kuma san kaina.

Ranar Alhamis da hantsi Alhaji Datti ya ɗauko Mustapha, mai shagon intanet da ke bakin babban titi, ya buɗe masa ofis. Aka tada janareta. Mustapha ya sami saƙon a zaure, ya ce bari ya karanta wa Alhaji kafin ya saki, kada a yi kuskure. Ya karanta har ƙasa, har layin nan da ke cewa da yawun manoman sashenmu baki ɗaya, na kan ruwa da na ƙarshen ruwa.

Alhaji ya ce, "Wannan na ƙarshen fa, ana iya cire shi?"

Mustapha ya ce, "Yanzu kuwa, Alhaji. Abu mai sauƙi."

"In an cire, sunan wa zai rage?"

"Na ƙungiya yana nan a sama, Alhaji. Su can duk ɗaya za su gani."

Daga baya Alhaji ya ce ya daɗe a tsaye yana kallon kwamfutar. Ya ce ya sha jin layin nan a bakin Kulsum a ƙarƙashin darbejiya bai taɓa damunsa ba, domin a lokacin gaskiya yake faɗa. Da ya ji shi a bakin baƙo, ba kowa a wurin sai shi, sai ya hango Malam Sammani ya dawo daga ta'aziyya ya tarar da kanal a bushe, ya tambaya, a ce masa ai kai ma ka amince. Ya ce wa Mustapha ya kashe janareta. Ya aika babura ƙarshen ruwa, ya aika wani Madobi, ya ce kowa ya hallara bayan sallar Juma'a.

Ban taɓa ganin taron ƙungiya ya cika kamar ranar ba. Inuwar darbejiya ba ta ishe mu ba, wasu a kan babur, wasu a jikin bangon inji. Alhaji Datti ya miƙe ya faɗi komai, bai rage ba, har da mukullin da ya karɓe da Mustaphan da ya ɗauko. Wannan na yaba masa, ba kowane babba ne zai iya ba. Sai wuri ya kaure. Ni ina cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Na ce na kan ruwa sun cika aljihu za su rufe mana ƙofa, na ce a jira mu gama tsinka ko motar ta tafi duk inda za ta. Na yi magana mai daɗi, har aka tafa mini.

Malam Sammani ya bari muka gaji. Sannan ya yi gyaran murya, mutane suka yi ta ce wa juna a yi shiru, don ba a saba ba. Ya tambayi Alhaji ko akwai halin a ɗaga ranar. Alhaji ya ce ya yi waya ya roƙa, babu. Ya tambaya ko motar za ta kai har ƙarshen ruwa, ko a kan ruwa za ta tsaya. Alhaji ya ce har wutsiya, haka aka rubuta, kuma shi zai tsaya a kai. Malam Sammani ya juyo gare mu.

Ya ce, "Ba wanda ya fi ni tumatir a ƙasa a cikinku. Na kuma gaji da gadin ruwan da ba ya zuwa. 'Ya'yana sun tashi sun same ni ina jiran ragowa, ba na so jikokina su same su a haka. Ni na amince. Abu ɗaya nake roƙo: kwanakin da suka rage kafin a rufe, na kan ruwa su ɗauke bututunsu gaba ɗaya, a bar mana ruwan mu yi ban-ruwan ƙarshe mu ƙoshi."

Wani daga kan ruwa ya fara gunaguni a kan albasarsa, Alhaji ya yi masa kallo ɗaya ya haɗiye sauran. Aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Na ga hannaye suna tashi a ɓangarenmu ɗaya bayan ɗaya, har na maƙwabcina wanda ya tafa mini ɗazu. Na tsaya ina tuna layukan tumatirina da furen da ke kansu. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya ko kalle ni. Na ɗaga nawa, bai kai sama sosai ba, amma ya ɗagu.

Alhaji ya sa aka kira Kulsum. Mijinta ya kawo ta a babur, ta ratso cikin maza kanta a ƙasa, ta durƙusa ta gai da dattawa. Alhaji Datti bai ba ta haƙuri ba, ba wanda ya sa ran haka, ita ma da ta ji kunya. Ya ajiye mukullin a kan benci kusa da ita, ya juya ga jama'a ya ce, "Ga ta nan. Ku gaya mata da bakinku, ni ba ta jin tawa."

Aka yi dariya, amma na ga fuskarsa, maganar ba duka wasa ba ce.

Aka buɗe ofis, aka tada janareta, aka wangale taga. Ta zauna ta cire zanen, ta buɗe zaure, ta karanto saƙon da 'yar muryarta, na kusa suna maimaita wa na nesa. Shi ne dai na ranar Laraba, ko harafi ɗaya ba a canza ba. Da ta gama ta ɗago ta ce, "Da wane suna za a aika?"

Malam Sammani ya ce, "Da namu, 'yata. A aika." Jama'a suka amsa, a aika.

Ta jona layi. Ina tsaye a bakin taga ina kallo. Layin ya yi ta jan rai kamar yadda ya saba, sannan zaure ya zama fayau. Ta ce, "Ya tafi." Ta sa bakin mayafi ta share ido, ta yi kamar hayaƙin janareta ne. Ni dai na ji alfahari da ita ya cika mini ƙirji, ko da yake ban gaya mata ba, kada kanta ya kumbura.

Alhaji Datti ya yi makonni ba ya shiga ofis sai da dalili, in ya shiga kuma gaisuwa ce a tsaye. Wannan ya dame ta fiye da yadda ta nuna. Kullum da safe takan biya ta injin ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa ko bai amsa da kyau ba, har ya gaji ya sauko.

Na kan ruwa sun cika alkawari, mun sha ruwa a kwanakin nan irin wanda ban taɓa gani a gonata ba. Sannan aka rufe. Ba zan ce ban ga amfanin gyaran daga baya ba, na gani. Amma a makonnin nan ba amfani nake gani ba. Na tsinka sau biyu, na uku ya zo ƙanana kamar goro, daga nan ganye ya fara naɗewa. Kullum sai in je gonar in tsaya, ba don akwai abin yi ba. Aikin wata huɗu ne yake ƙonewa a gabana, kuma ya yi mini ciwo har cikin rai.

Wata rana na tumɓuke wata busasshiyar bishiyar tumatir, da 'ya'yanta a yamutse a jiki, na ɗaura a bayan keke na tafi Kura. Na shiga ofis ba sallamar kirki, na ɗora mata ita a kan tebur kusa da kwamfutar, na ce, "Ga aikinki."

Na zaci za ta rama da baƙar magana yadda muka saba. Sai ta ɗauki abin ta duba shi da kyau, ta shafa busassun 'ya'yan da yatsa, na ga tausayi na gaske a fuskarta.

Ta ce, "Sannu, Sagiru. Allah ya mayar maka da alheri." Ta miƙo mini abina. "Amma ni dannawa kawai na yi. Kai ka aika."

Na karɓa na tsaya da shi a hannu ina neman wanda zan kai wa ƙara. A raina na duba Alhaji, na duba injiniya, na duba na kan ruwa, duk inda na juya sai in tarar da hannuna a sama. Hasarar tana nan yadda take, amma tawa ce, ba wanda ya yi mini ita a bayan idona. Na ja benci na zauna, na ce ta ba ni ruwa in sha.